Sunan Mai Ƙosai a Littafin Bakin Ƙofa

Mahaifina mai gyaran keke ne a unguwar Sabonjida da ke Tamale, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke bin dokar gwamnati kamarsa ba. In ya iso danja a kan tsohon kekensa ya tarar ta nuna ja, zai sauke ƙafa ya tsaya, ko da babu kowa a titin sai tumaki. Masu babura su yi ta danna masa oda suna kewaye shi, shi ko a jikinsa. In aka sa taken ƙasa a rediyo yana tsakiyar facin taya, sai ya ajiye ya miƙe tsaye da baƙin mai a hannu. Maƙwabtan rumfarsa sun yi masa dariya har suka gaji, wasu suka fara miƙewa tare da shi don tsokana, daga baya abin ya zame musu jiki.

Mu Hausawa ne kuma Kirista, abin da a Tamale sai ka yi ta bayani kafin a yarda da kai. Kakana ya biyo fatake ya zo, a nan aka yi masa baftisma, a nan ya rasu, ya bar mana gida a tsakiyar masallatai. Ba mu taɓa jin kanmu baƙi a unguwar ba. Ranar babbar salla naman da ke shigowa gidanmu ya fi ƙarfin tukunyarmu, ranar Kirsimeti kuwa yaran maƙwabta ko ƙanzo ba sa bar mana. Cocinmu yana can Gumani, ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a gefen gonakin masara. Masu zuwa yawancinsu manoma ne da masu gadi da mata 'yan kasuwa, kowa da yaren garinsu, Hausa ce ta haɗa mu. Fasto sau ɗaya yake zuwa a wata domin ƙauyukansa da yawa, sauran Lahadin Baba ne ke tsayawa a gaba, shi ne dattijon coci.

Kowace Lahadi sai ya yi wa masu mulki addu'a, ko wane ne a kan kujera, ko ya zaɓe shi ko bai zaɓe shi ba. Maganarsa guda ce, bin na gaba bin Allah ne. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta ba mu labarin cewa a zamanin soja an taɓa zane shi a kasuwa kan laifin da ba nasa ba, ya dawo gida bayansa duk rauni, kwana uku a kife yake barci. Lahadi ta zagayo ya tsaya yana roƙa wa sojojin hikima da lafiya. Ta ce ita dai ranar ba ta ce amin ba, kuma ba ta ɓoye masa ba.

Ni halinta na ɗauko. Ni ce 'yarsa ta fari, tela ce, gidan mijina yana Vittin amma shagona yana jikin rumfar Baba, don haka kusan wuni muke tare. Bakina ba shi da linzami, wannan kowa ya sani. In mai yalo-yalo, wato babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya fantsama mini ruwan kwata, sai na bi shi da magana har ya sha kwana. Baba ya ce da ni ce gwamnati da an ƙarar da mutanen ƙasar nan a mako guda.

Da annobar korona ta zo aka ce a rufe coci da masallatai, Baba da hannunsa ya sa wa ƙofa kwaɗo. Wasu daga cikinmu suka ce a riƙa taruwa a ɓoye a tsakar gidan wani manomi, wa zai sani a Gumani? Ya ƙi. Ya ce ba Allah aka hana mu ba, cunkoso aka hana mu, kowa ya yi sujada a ɗakinsa. Ni kuwa na samu kasuwa, na yi ta ɗinka takunkumi da ragowar atamfa har yatsuna suka yi kanta.

Bayan watanni aka ce a buɗe, amma da sharuɗɗa. A wanke hannu a bakin ƙofa, a rufe hanci da baki, a zauna nesa da juna, kada sujada ta wuce awa ɗaya. Sannan a ajiye littafi, duk wanda ya shigo a rubuta sunansa da gidansu da lambar wayarsa, don in wani ya kamu a san waɗanda suka zauna kusa da shi. Baba ya auna benci da igiya ya yi alama da alli. Ya ɗauko agogon bangon ɗakinsa ya rataye a coci, awa na cika zai ɗaga hannu ko da muna tsakiyar baiti, mu haɗiye sauran waƙar mu tafi da ita gida. Littafin kuma ni aka ba, wai rubutuna ya fi na kowa kyau. Na zauna a bakin ƙofa da tebur da biro, ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya.

A nan ne maganar mai ƙosai ta shigo.

Mace ce doguwa marar yawan magana, ta girme ni da kaɗan. Kowace Lahadi takan kafa kaskonta a gindin darbejiya kusa da coci, ta soya ƙosai ta sayar wa masu wucewa, in an fara waƙa sai ta rage wuta, ta rufe tire, ta shigo ta zauna a benci na ƙarshe. Kafin a yi addu'ar sallama ta koma bakin kaskonta. Mutane da yawa sun ɗauka inuwa take shigowa sha. Ni na san labarinta domin ni ke mata ɗinki, kuma bakin mace yakan buɗe in ana gwada ta. A gidan Kirista aka haife ta, a wani ƙauye can arewa. Ta zo Tamale tana budurwa, ta auri wani ɗan kasuwa na unguwarmu, aka sauya mata suna, ta bi addinin gidan. Mijin mutumin kirki ne, ta ce bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya cikin gidan danginsa, sai zuciyarta ta koma ga waƙoƙin da uwarta ke yi. Ta faɗa mini a fili cewa in dangin suka tabbatar tana shiga coci, za su karɓe yaran su ce ta kwashe kayanta. Ba duka gidan ne masu zafi ba, amma akwai ƙanin mijin da tun ranar sadakar arba'in yake hangen ɗakin.

Lahadin farko da aka buɗe, ta wanke hannu, ta iso tebur, ta ga littafi, ta tsaya cak. Na ga idonta a saman takunkumi. Ban tsaya wani tunani ba, na ce mata ta wuce, na sunkuya na ƙago wani suna na rubuta, na haɗa da wata unguwa da lambar waya da ta zo mini a ka. Har daɗi na ji, na ce a raina yau na yi aikin lada.

Ashe na manta halin Baba. Bayan an watse sai ya karɓi littafin ya zauna yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya yana sa wa kowa albarka, wai tunda gwamnati ta sa an tara masa sunayen tumakinsa a wuri guda, ba zai bar damar ta wuce ba. Ya iso kan sunan da na ƙago, ya tsaya. Ya ce wace ce wannan, baƙuwa muka yi bai gaishe ta ba? Ya ƙirga sunaye, ya ƙirga alamun alli, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Sai na faɗa masa.

Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya tambaye ni, in wanda ya zauna gabanta ya kwanta ciwo jibi, wa ma'aikatan lafiya za su kira? Lambar da na ƙago? Ita kuma ta koma gida ta kwana ɗaki ɗaya da yara uku ba ta san abin da ta ɗauko ba. Ya ce na yi wa hukuma ƙarya, na kuma yi a bakin ƙofar ɗakin Allah, da biron coci. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa shi gaskiyarsa ba ta da 'ya'yan da za a ƙwace, yana da gidansa da rumfarsa, sauƙi ne gare shi ya yi ta bin doka da rayuwar wasu. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uba, har da cewa gwamnati ta fi mu daraja a wurinsa. Ya bari na gama, ya miƙo mini biro.

"Soke shi," ya ce. "Mako mai zuwa ki tambaye ta. In ta ce a rubuta, ki rubuta gaskiya. In ta ce a'a, ta zauna a waje, zan ɗaga murya ta ji. Amma ba ke za ki zaɓa mata ba, ba ni ba kuma."

Na soke, na jefar da biron a kan tebur. Har muka iso Sabonjida yana gaba a keke ina binsa a babur, ina tsayawa a kowace danja saboda shi ina tsaki.

Lahadi ta dawo na tare mai ƙosai a gindin darbejiya kafin mutane su taru, na faɗa mata yadda muka yi, na kuma ba ta shawara ta zauna a waje. Ta daɗe tana juya ƙosai a mai. Can ta goge hannu a zane, ta biyo ni har tebur, ta sunkuyo ta faɗi wani suna a hankali. Ba sunan da muka san ta da shi ba ne, sunan da aka yi mata baftisma da shi ne, haɗe da na mahaifinta. Ta faɗi gidan, ta faɗi lambar waya. Na tambaye ta ko ta tabbata, ta gyaɗa kai. Na rubuta, ita kuwa ta tsaya tana kallon bakin biron har na gama.

Haka muka yi ta yi makonni, ba abin da ya faru, har na fara jin kunyar rashin kunyar da na yi wa Baba. Damina ta yi kyau, masara ta rufe hanyar coci, awa ɗayar ma muka saba da ita, har wasu maza suna cewa a bar ta haka ko bayan annoba.

Wata Lahadi an watse, mai ƙosai ta riga ta kwashe kayanta ta hau yalo-yalo, ina naɗe tabarmar yara, sai ga babur ya tsaya a ƙofa. Mutum ya sauko da falmaran mai walƙiya irin ta kwamitin sa ido da aka kafa a lokacin, masu zagayawa su ga ko ana bin doka. Yana sauke takunkumi don ya gaisa na gane shi. Ƙanin mijinta ne. Ganin ta a Gumani da tire ba hujja ba ce, kowa ya san a nan take sana'a. Daga baya na ji cewa ya kai ƙararta wurin dattijon da ke shugabantar gidansu, tsohon ya ce ba zai kori gwauruwa da marayu kan jita-jita ba, in yana da shaida ya kawo. To ga shaida a rubuce, da hannuna, mako bayan mako.

Baba ya tarbe shi kamar wani gwamna. Ya ba shi kujera, ya nuna masa bokitin wanke hannu da sabulu, ya nuna alamun alli, ya nuna agogo. Mutumin yana ta gyaɗa kai idonsa na kan tebur. Ya ce saura littafi. Baba ya ɗauko ya riƙe a hannunsa, ya buɗe daga nesa ya nuna masa cewa ga shi ana cikawa kowane mako. Mutumin ya fito da waya ya ce zai ɗauki hoton shafukan, ko kuma a ba shi ya tafi da shi ya dawo da shi gobe. Baba ya tambaye shi cikin ladabi wane ne ya kamu da ciwo a cikinmu, don mu je mu duba shi. Ya ce ba wanda ya kamu. Baba ya tambaya ko ma'aikatan lafiya ne suka aiko shi da takarda. Ya ce shi ne takardar, ba ga falmaran ba? Baba ya sake tambaya, to me ake nema a ciki? Mutumin ya ƙosa, bakinsa ya suɓuce, ya ce akwai wata mata ta gidansu da yake so ya tabbatar.

Na ga Baba ya rufe littafin a hankali. Ya ɗaga rigarsa ya cusa shi ciki, ya ɗaure da mazagin wando.

"Ɗana," ya ce, "gwamnati ta ce in rubuta sunayen nan don a ceci mutane daga ciwo, na rubuta, ban rage ko ɗaya ba. Ba ta ce in rubuta don a farauci kowa ba. In wani ya kamu, a turo ma'aikaciyar lafiya, zan buɗe mata shafin ranar da hannuna. Amma don wannan da ka faɗa, ba zan ba ka ba."

Mutumin ya miƙe ya ce zai sa a rufe cocin. Baba ya laluba aljihu ya ciro kwaɗo da mabuɗi ya ajiye masa a kan tebur, ya ce in hukuma ta ce a rufe, ga su nan, ba sai an wahalar da kowa ba. Mutumin ya ce zai sa a kama shi. Baba ya ce rumfarsa tana Sabonjida, daga safe har la'asar yana nan, ba ya zuwa ko'ina. Ni fa a nan na kasa riƙe kaina, na buɗe baki na fara wanke mutumin tas, tun daga falmaran ɗinsa har ɗakin marayun da yake kwaɗayi. Baba ya juyo ya ce in yi shiru, ma'aikacin hukuma ne, ba a zaginsa a gabansa. Haba! Mutum ya zo raba uwa da 'ya'yanta, wai kuma in girmama rigarsa. Na yi shirun, amma har kunnena zafi yake.

Washegari da hantsi mai falmaran ya zo da ɗan sanda. Ya shigar da ƙara cewa dattijon coci ya hana kwamiti aikinsa. Baba yana cikin ɗaura sarƙar wani keke, ya roƙi ɗan sandan ya ba shi minti biyar ya gama don mai keken yana jira, ɗan sandan ya yarda. Ya gama, ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya bi su. Littafin yana jikinsa. Na rufe shago na bi bayansu ina kuka ina masifa, duk a haɗe.

A caji ofis, kafin kowa ya ce masa komai, ya cire takalmi da hula da agogon hannu ya jera a kan kanta, ya tambaya ina zai zauna. Ɗan sandan da ke bakin aiki ya rasa yadda zai yi da shi, ya nuna masa benci a bayan kanta. Aka ce ya miƙa littafin ya ƙi. Aka ce to zai kwana, ya ce ba laifi, sai dai a sanar da 'yarsa ta kawo masa maganin hawan jini. Ina tsaye a wurin ina jin wannan, na ji tausayinsa da haushinsa sun cika mini ciki. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ƙafa ba takalmi, a kan bencin ɓarayi, yana gaishe da duk wanda ya wuce.

Bayan azahar sai ga limamin masallacin bayan gidanmu, abokin Baba tun suna yara, wanda suke dara tare kowace yamma suna gardamar da ba ta ƙarewa. Labari ya kai masa. Bai tambayi wace mata ce ba, kuma har yau bai tambaya ba. Ya zauna gaban babban jami'in ya ce su ma a masallaci suna da irin wannan littafin, kuma da wani zai zo ya ce a ba shi don ya duba wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa, da sandarsa zai raka shi. Ya ce ya san Baba shekara sittin, ko danja bai taɓa tsallakewa ba, in ya ce a'a ga hukuma to a duba hukumar da kyau. Jami'in ya kira mai falmaran ya tambaye shi wa ya kamu, wa ya aiko shi. Ya yi ta kame-kame. Kafin la'asar aka miƙo wa Baba takalmansa, aka ce littafin ya zauna a hannunsa, ba mai taɓawa sai ma'aikatan lafiya. Ya yi wa kowa godiya har da wanda ya kamo shi.

Amma kwamitin bai haƙura ba, suka rufe mana coci Lahadi biyu, wai rashin ba da haɗin kai. Hukuncin zalunci ne, kowa ya sani, kuma mabuɗi na biyu yana aljihun Baba. Bai taɓa kwaɗon ba. Muka yi sujada a gida, mu kaɗai, ya tsaya a tsakar gida ya yi wa shugaban ƙasa addu'a, ya yi wa 'yan sanda, ya yi wa kwamitin sa ido, ya roƙa wa mai falmaran ɗaki nasa na kansa don ya daina hangen na marayu. Wannan ta ƙarshen ce kawai na ce wa amin.

Ban bar shi ya huta ba duk da haka. Na ce masa da ya bar ƙaryata yadda take, da sai mu miƙa littafin muna dariya, ba caji ofis, ba kwaɗo. Ya ci gaba da goge ƙafar keke. Can ya ce mai yiwuwa ne, kuma ya auna maganar ya sake aunawa tun ranar da mutumin ya zo. Ya ce shi ya sa aka rubuta sunan, don haka tsaronsa a wuyansa yake, ko da za a kai shi kurkuku. Bai ce na yi daidai ba, ban ce ya yi daidai ba, muka ci gaba da aiki.

Mai ƙosai ba ta ƙara shiga ciki ba har tsawon watanni, domin mutumin yakan wuce a babur ranar Lahadi yana leƙe. Ta matso da kaskonta kusa da taga. Baba ya janye teburin wa'azi zuwa gefen tagar, wai ya fi iska, ya riƙa ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona. Hayaƙin mai yana shigowa muna tari a cikin takunkumi, ba wanda ya yi ƙorafi. Tsohon nan na gidan mijinta da ya ji an kai mai gyaran keke caji ofis kan wannan magana, ransa ya ɓaci, ya ce an ja wa gidan abin kunya a unguwa, kada wanda ya ƙara tayar da ita. Ɗakin ya zauna a hannunta, yaran ma haka.

Da annoba ta lafa aka daina rubuta sunaye, Baba ya ce littafin nan bai kamata ya ci gaba da zama a duniya ba. Amma ka san shi, sai da ya hau keke ya je wurin ma'aikatan lafiya ya tambaya ko suna da sauran buƙata da shi, ya nemi izinin ƙonawa. Matar da ya tarar ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya ƙona. Ranar Lahadi bayan an watse ya kira ni, muka je gindin darbejiya, ya ciro littafin ya faɗa wa mai ƙosai abin da za a yi, ya ce tunda wutarta na ci, a sa a nan ta gani da idonta hankalinta ya kwanta.

Ta karɓa ta riƙe, ba ta sa a wuta ba. Ta miƙo mini ta ce in nuna mata inda yake, domin ba ta yi makaranta ba. Na buɗe shafin Lahadi ta biyu na ɗora yatsa. Ta daɗe tana kallon layin. Ta tambaya wannan da aka soke a shafin baya fa, na ce shi ne wanda na ƙago mata.

"Na sani," ta ce. "Na gan ki kina rubutawa ba ki tambaye ni ba. Na san don ni kika yi, amma ranar na yi kuka a hanya. An sauya mini suna a gidan miji na haƙura, sai ga shi a ƙofar coci ma an ba ni na wata. Shekara ashirin ba wanda ya kira ni da wannan, sai ranar da kika rubuta shi."

Na dubi Baba ko zai yi mini kallon na faɗa miki, sai na ga ya juya yana gyara tabarau.

Ta roƙa a yanka mata layi ɗaya. Almakashi ba ya barin jakata, na ciro na yanke sunan kaɗai, ba gida ba lambar waya, siriri kamar bakin zare. Ta naɗe shi ta ƙulle a bakin zanenta. Sauran littafin ta yayyaga ta tura ƙarƙashin kasko, wuta ta tashi, man ya yi zafi, ta zuba ƙullu. Ta cika mana leda da ƙosai ta ƙi karɓar komai, muka tsaya a wurin muna ci yana ƙona mana baki.

Baba yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni, ya bar gyaran keke, yanzu ni ke ɗaukarsa a babur zuwa Gumani. In mun iso danja yakan dafa kafaɗata tun kafin ta nuna ja. Muna gardama har yanzu, amma ranar Lahadi in ya yi wa masu mulki addu'a ina cewa amin, ba kullum ba dai. Mai ƙosai kuwa ta koma bencinta na ƙarshe, babbar 'yarta ta kusa gama makaranta, kuma ni ke musu ɗinkin salla su duka huɗu. Kwanan baya ta zo gwaji, na ja labule, ina zagaya tef a ƙugunta hannuna ya taɓa ɗan ƙulli a bakin zane. Zanen sabo ne, ƙullin kuwa yana nan. Na kira ta da sunan a hankali na ce ta ɗaga hannu in auna, ta amsa, ta ɗaga.